Sifikar situdiyo mai ƙugi da ɗaukewar murya: daga ina ake fara gyara?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mai ƙaramin situdiyo a Tudun Wada, Kaduna, inda yake ɗaukar ƙasidu da tallan rediyo, ya rubuto cewa yana da sifiku biyu masu inci 5, irin masu amfilifaya a cikinsu, kuma na hannu ya saya. Ta hagu tana ƙugi ko ba a kunna komai ba. In ta yi kamar rabin awa tana aiki sai murya ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, sannan siririyar muryarta ba ta kai ta dama fita ba. Mai gyara ya ce a cire fanel ɗinta, wato allon kayan lantarkin da ke cikinta, a sa na wata sifika, a kuma sake naɗa kwayil, naɗin siririyar wayar da ke motsa faifan murya. Shin ya yarda?

Amsa: Malam, kada ka yarda tukuna. Alamu uku ka lissafa, kuma babu ko ɗaya da ta tabbatar cewa fanel ya mutu ko kwayil ya ƙone. Sau da yawa ƙugi da ɗaukewar murya daga wuri guda suke fitowa, wato sashen da ke ba sifikar wuta, kuma kayan gyaransa masu araha ne.

Dalilin da ya sa ba ma son a canja fanel shi ne, sifikar situdiyo sikeli ce, da ita kake auna aikinka kafin ya fita wa jama'a. A cikinta akwai sashen da ke raba murya gida biyu, da amfilifaya biyu, ɗaya ta wufa mai fitar da kauri, ɗaya ta tuwita mai fitar da siririyar murya. Yamaha HS5, alal misali, tana ba wufa wat 45, tuwita wat 25, tana raba muryar a 2kHz. JBL 305P MkII kuwa amfilifaya biyu gare ta masu wat 41 kowacce. Kamfani ya daidaita kowane fanel da wufarsa da tuwitarsa da girman akwatinsa. In aka sa baƙon fanel, murya za ta fito, har ma ta yi daɗi a kunne, amma hagu da dama ba za su ƙara faɗin abu ɗaya ba, kuma duk waƙar da ka haɗa a kansu za ta sauya kama in an kunna ta a mota ko a waya.

Kafin a taɓa sukundireba, ka raba laifin waje da na ciki. Ka musanya wayoyin murya, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. In ƙugin ya bi waya ya koma ɗaya sifikar, to sifika lafiyarta ƙalau, laifin na waya ne ko saunkad, wato na'urar da ke kai sauti daga kwamfuta zuwa sifiku. In ya tsaya inda yake, ka zare wayar murya gaba ɗaya, ka bar wayar wuta kaɗai. Ƙugin da ya ci gaba a wannan hali daga ciki yake. Akwai manhajojin waya na kyauta masu nuna mitar sauti. Ka kanga wayarka kusa da wufa ka duba. Wutarmu a Najeriya 50Hz ce. Ƙugi mai tsayawa a 50Hz yawanci na wayar ƙasa ne, wato wadda ke haɗe da doguwar ƙafar fulogi, ko taransifomar da ke kusa da wayar murya. Wanda ya fi ƙarfi a 100Hz, mai ɗan kaifi, kuma bai daina ba bayan an zare wayar murya, yana nuna manyan kafasitocin da ke tace wuta sun gaji.

In laifin na waje ne, ka duba bakin jak ɗinka. Mai zobe biyu shi ake so, ko XLR mai ƙafa uku, domin su ne ke kashe hayaniyar da waya ke kwasowa a hanya. Mai zobe ɗaya na jita ne. Ka haɗa kwamfuta da saunkad da sifikun biyu a kan layin soket guda. Ka zare cajar laftof ka saurara, domin caja marar kyau tana zuba ƙara a layin murya. Abin da muke roƙonka kada ka yi, ko wa ya ba ka shawara, shi ne karya doguwar ƙafar fulogi don ƙugi ya tafi. Zai iya tafiya, amma ranar da wuta ta taɓa ƙarfen bayan sifika, ta jikin mai riƙe da makirfo za ta nemi hanyar ƙasa. Ka sa mai wayarin ya auna soket: tsakanin mai wuta da ta ƙasa ya kamata a ga kusan bolt 230, tsakanin nutural da ta ƙasa kuma bolt kaɗan. Gidaje da shaguna da yawa ramin ukun nan na soket babu waya a bayansa.

Tunda na hannu ne, ka karanta rubutun da ke gefen inda wayar wuta ke shiga. In an rubuta 100-240V, babu damuwa. In an rubuta 120V kaɗai, kayan Amurka ne, sai da taransifomar rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da sifikun ke ci sau biyu. Wasu suna da ɗan maɓalli na zaɓen 115 ko 230. In an juya shi, fiyus ma ana canjawa, don na 230 yakan zama kusan rabin amfiyar na 115. Fiyus mai harafin T ba ya saurin tsinkewa, mai F yana saurin tsinkewa, kuma abin da aka rubuta a jikin sifika shi za a sa. Ɗaure fiyus da zaren waya ko takardar sigari shi ke mai da gyaran kafasita ɗaya ya zama gyaran taransifoma.

Yanzu sai ciki, kuma nan akwai haɗarin rai. Sifikun zamani da yawa ba su da babbar taransifoma, suna da ƙaramin fanel na wuta irin na cajar laftof. A kansa akwai kafasita mai 400V ko 450V wadda ke riƙe kusan bolt 325 ko bayan an zare fulogi. Ana sauke wutarta da rezisto mai 10k, wat 5, a riƙe shi da abin da ba ya jan wuta, a ɗora a ƙafafunta biyu na daƙiƙa 20, sannan a auna da mita a tabbatar ta sauka. Ba a haɗa ƙafafun da sukundireba. In ba ka saba aiki da wuta ba, daga nan ka zama mai kallo, ka kai wa mai gyara wannan bayani ku bi shi tare.

A kwance sukurorin gefen farantin baya kaɗai, na tsakiya su ne ke riƙe da fanel da taransifoma. A jawo farantin a hankali saboda wayoyin gajeru ne, a ɗauki hoton kowace waya kafin a zare ta. Sannan a buɗe lafiyayyar sifikar ita ma a ajiye a gefe. Wannan ita ce babbar sa'ar mai gyaran sifikar situdiyo: ko babu zanen fanel, duk abin da aka auna a marar lafiya ana iya auna irinsa a 'yar'uwarta a gwada.

Ido da hanci ke fara aiki. Kafasitar da kanta ya kumbura, ko ta zubar da ruwa mai ruwan ƙasa a gindinta, ta gama. Akwai kuma gam da kamfanoni ke zubawa don riƙe kaya saboda girgiza. A wasu tsofaffin sifiku gam ɗin yakan sauya daga rawaya zuwa ruwan ƙasa ko baƙi saboda zafi, ya fara jan wuta, ya kuma cinye ƙafafun rezisto. Yana kawo ƙugi da tartsatsin murya, ya fi tsananta da damina lokacin da iska ke da laima. Ana kankare shi duka da tsinken katako ko roba, a wanke wurin da sifirit na aisofurofil mai kashi 99 cikin ɗari, a duba kowace ƙafar da ta yi kore. In za a sake riƙe kayan, a sa silikon marar warin tsami, mai warin yana cin tagulla. A leƙa ramin iska kuma. Kyankyaso da tsaka suna shiga ta nan, zanzaro ma yakan yi gini a ciki, kuma fitsarin ɓera a kan fanel yana cinye layukan tagulla.

Daga nan sai mita. A zare wayoyin wufa da tuwita kafin a kunna. A sifika mai taransifoma za a sami layin wuta biyu, mai ƙari (+) da mai ragi (-), galibi tsakanin bolt 20 zuwa 35 kowanne, kuma ya kamata su yi kusan daidai da juna. In ɗaya ya nuna 28, ɗaya 21, akwai matsala a kafasita ko dayod na wannan ɓangare. Sai a mai da mita kan AC, a sa ƙaramar kafasita 0.1µF a jere da bakin mitar, a auna ragowar girgizar da ke kan layin, a gwada da na lafiyayyar. In ya ninka nata sau da yawa, an kama mai ƙugin. Akwai kuma ƙananan layuka, yawanci na bolt 15, da ke ciyar da ƙananan aisi (IC, baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da yawa) irin su NE5532, TL072 ko 4558, ta hannun masu daidaita wuta 7815 da 7915. Ita 7815 tana buƙatar aƙalla bolt 17 a bakin shigarta. Shi ya sa in wuta ta yi ƙasa da magariba, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, sifikar da kafasitocinta suka fara gajiya sai ta soma ƙugi, da safe kuma ta yi shiru.

Me ya sa kafasita ke saurin mutuwa a nan? Zafi ne. Ƙa'idar da masu ƙera ta ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Wadda aka rubuta wa awa 2000 a digiri 85, in tana zaune a digiri 55 za ta yi kamar awa 16,000, wato shekara biyar da rabi ga mai aikin awa takwas kullum. Mai digiri 105 a wuri guda za ta ninka wannan sau huɗu. Ka tuna akwatin sifika a rufe yake, ɗakin situdiyo an lulluɓe shi da soso, ga zafin Maris da Afrilu na Kaduna. Don haka a sayi masu 105°C. Adadin µF ya zama daidai da na tsohuwar, misali 4700 ko 6800, bolt kuma daidai ko sama da nata, muddin za ta shiga wurin. A kula da ƙafar ragi mai zane a gefe, in aka juya ta fashewa take yi. Kada a tsaya kan manya biyun masu tace wuta kaɗai. Ƙananan masu 10µF zuwa 220µF da ke maƙwabtaka da ƙarfen sanyaya su ne suka fi shan zafi, kuma sukan bushe ba tare da sun kumbura ba. Abin da aka canja a hagu a canja shi a dama, don shekarunsu ɗaya.

Ɗaukewar murya bayan rabin awa alama ce ta abin da zafi ke motsawa. Na farko da ake zargi dalma ce da ta tsage. Wufa na girgiza akwati shekara da shekaru, sai dalmar da ke riƙe kaya masu nauyi ta yi siririn zobe a kewayen ƙafa. A kunna sauti a hankali, a riƙa ƙwanƙwasa fanel da bayan biro na roba; inda murya ta yanke nan ne. A duba ƙafafun jak da XLR, da 7815 da 7915, da manyan rezisto, da ƙafafun babbar aisi ta amfilifaya. A sake narka su da sabuwar dalma 60/40, ƙarfen narka dalma a kan digiri 350 ko kusa da haka, kada a wuce daƙiƙa uku a kan ƙafa ɗaya. Na biyu, babbar aisi tana kashe kanta in zafi ya yi mata yawa. Farin man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya yakan bushe ya zama gari, ko sukurun ya saki. A goge, a shafa sabo siriri, a ɗaure. Na uku, sashen da ke hana murya fita na 'yan daƙiƙu bayan an kunna: ƙaramar kafasita ɗaya ce ke riƙe da lokacinsa, in ta lalace sai ya riƙa rufe murya yana buɗewa. Na huɗu, maɓallin ƙara murya da ƙananan maɓallan baya, waɗanda ƙurar hunturu ke cikawa. A fesa musu maganin wanke maɓalli na kayan lantarki a juya su sau ashirin ko talatin. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da man kwance noti.

Sai tuwita. A zare wayarta a auna da mita a kan om. Mai om 4 takan nuna 3 zuwa 3.6, mai om 8 takan nuna 5.5 zuwa 7. In mita ba ta nuna komai ba, kwayil ya tsinke. Amma tunda ka ce muryar raguwa ta yi, ba ɗaukewa ba, ka fara duba maɓallin daidaita siririyar murya a baya ko yana wuri ɗaya a sifikun biyu. In daidai suke, a musanya tuwitocin. Raunin da ya bi tuwita nata ne, wataƙila ruwan da ake sawa a ramin maganaɗisunta don sanyaya kwayil ya daskare. Raunin da ya tsaya a akwati na fanel ne, galibi ƙaramar kafasitar da murya ke bi ta cikinta. Wufa ana gwada ta da batir mai bolt 1.5, faifan ya motsa gaba in an haɗa ƙari da ƙari. A kuma danna ta a hankali da yatsu huɗu a kewayen tsakiya, in an ji gogayya kwayil ya kumbura. Ba a gwada tuwita da batir, balle irin mai siririn ribon.

Naɗa kwayil sana'a ce ta gaske, kuma masu yinta suna ceton sifikun masallaci da na biki kullum. Amma a sifikar situdiyo kaurin waya da yawan zagaye da nauyin gam duk suna sauya murya. In tuwita ko wufa ta ƙone, a nemo ta asali da lambar da ke bayan maganaɗisu, ko a sayi matacciyar sifika irinta a cire. In dole sai an sa wata daban, a canja duka biyun.

Idan aka auna bakin fitar amfilifaya ba tare da sauti ba, ya kamata DC ya kasance ƙasa da milibolt 50. In an ga bolt da yawa, galibi babbar aisi ta tafi, kuma kada a mai da wufa sai an gyara, don za ta ƙona kwayil nan take. Waɗanda aka fi samu su ne TDA7294, TDA7293, LM3886 da TDA2050. A lura, bayan ƙarfen TDA7294 da na LM3886T a haɗe yake da layin ragi, don haka in an tarar da siririn faifan maika da zoben roba a sukuru, dole a mai da su yadda suke. Jabun waɗannan aisi sun yi yawa a kasuwa, daga shagunan cikin gari har Alaba ta Legas, kuma jabu yakan yi aiki a ƙaramar murya ya fashe in an ƙara. Aisi ta asali da aka ciro daga tsohon fanel, irin wanda ake samu wurin masu tsofaffin kaya, ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba. Kafasita kuwa ba a sa tsohuwa. A sifiku masu amfilifaya ajin D, ƙafafun fita biyu duka masu wuta ne, a auna tsakaninsu, kada a haɗa ɗaya da ƙasa.

Kunnawar farko bayan gyara a yi ta ta cikin kwan fitila mai zare, wat 60 ko 100, a jere da wayar wuta. In ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske, akwai inda wuta ke haɗewa, a kashe.

Wajen rufewa a duba gaskit ɗin farantin baya, don iska in tana fita ta gefe sai ka ji fito a kan bes, wato muryar kauri. A ɗaure sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan. Sannan a gwada: a tura sautin 200Hz iri ɗaya ga sifikun biyu a auna AC a bakin kowace wufa, bambancin kada ya wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari, wato kusan rabin desibel. A kunna muryar mutum ɗaya a mono, wato sauti iri ɗaya a sifikun biyu, a zauna a tsakiya. Ya kamata ka ji ta tsaye a gabanka. In ta watse, ba ka san inda take ba, bes kuma ya ragu, an juya wayar wufa ɗaya. A bar su suna aiki awa biyu kafin a ce an gama, tunda ciwon sai da zafi yake tashi.

Abin da ya rage shi ne wutar da kake ba su. Sitabilaiza mai 1000VA ta ishi sifiku biyu da saunkad da kwamfuta, a zaɓi mai jinkirta kunnawa, domin lokacin da aka dawo da wuta ne aka fi yin ɓarna. Ƙaramin janareta marar abin daidaita wuta yana hawa yana sauka, musamman in mai ya kusa ƙarewa, don haka a kashe sifiku kafin a kashe shi ko a juya layi. Inbata ta zama mai tsabtatacciyar wuta irin ta layi. Inbata mai arahar nan tana sa taransifoma kuka da zafi. Sifiku su ne na ƙarshe wajen kunnawa, na farko wajen kashewa. Kada a zare jak suna kunne, kada a kanga makirfo gabansu, wannan kukan shi ke ƙona tuwita. A bar aƙalla taƙi ɗaya tsakanin bayansu da bango. Da hunturu a rufe su da ƙyallen auduga bayan sun huce, ba leda ba. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare fulogi daga bango, kashe maɓalli kaɗai bai isa ba.

Akwai hali ɗaya da canjin fanel ya zama dole: in sifikar tana da aisi mai sarrafa sauti da manhajar kamfani a ciki, kuma ita ce ta mutu, ko wuta ta ƙone fanel har ya zama gawayi. Ko a nan, fanel na wannan samfuri za a nema, mai lamba iri ɗaya da na lafiyayyar. Ka ce wa mai gyaranka ya rubuta maka abin da ya auna a layukan wuta na sifikun biyu kafin ya cire komai, ya kuma dawo maka da duk abin da ya cire.